Mun fita CEDEAO, to dokar gaz ɗinmu a hannun wa take yanzu?

DanBirni74: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon masu sani su amsa da hujja. Jiya da la'asar na ɗaura tukunyar gaz ɗin gida a bayan moto, ƙaramar nan mai kilo 6, na zagaya wuri uku tsakanin Birni da Zango nan Damagaram ban samu ba. A wuri na huɗu akwai, amma mai shagon ya ce sai jika biyu da rabi, alhali farashin da hukuma ta tsaida jika ɗaya da dala ɗari da sittin ne, wato 1,800. Na ce masa don me? Ya ce, "Malam, ai tun da aka fita CEDEAO komai ya sake." Na biya, don uwargida ta riga ta jiƙa shinkafa, yara kuma suna jira. Amma maganar ta kwana a raina. Idan ƙasa ta bar ƙungiyar kasuwanci, kamar yadda Nijar ta bar CEDEAO, wato ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ina makomar dokokin da ke tafiyar da gaz ɗinta? Faɗuwa suke yi? Sabbi ake rubutawa? Ko dai mutumin ya samu abin fakewa ne kawai?

Mushe_Lawali: Wa alaikumus salam. Malam, abin fakewa ya samu. Gaz ɗin da ke cikin tukunyarka bai ƙetara iyakar kowa ba. Daga rijiyoyin Agadem ɗanyen mai yake biyo bututu zuwa matatar SORAZ, nan arewa da mu a hanyar Tanut. Tun Nuwamban 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana. Farashin kuma gwamnatin Nijar ke tsaida shi, ba Abuja ba. Kilo 6 a 1,800, kilo 12.5 a 3,750. CEDEAO ba ta taɓa sa hannu a wannan lissafi ba.

HajiyaMaiWaina: Mushe, Allah ya saka da alheri. Ni da nake suya kullum safiya na fi kowa jin abin nan a jikina. Tun kafin a yi zancen fita, duk lokacin da gaz ya yi ƙaranci haka suke mana. Da can su ce matata na gyara, yau su ce CEDEAO. Bakin ne kawai ya canza.

SahelSaiGaba: Daidai. Duk mai ɗora wa fitarmu laifi yana da wata manufa. Mun fita, ba mu komawa. Mai namu, gaz namu.

TsohonDuwan: Yaro, yi a hankali, ba wanda ya ce a koma. Tambayar Malam ta doka ce, kuma tana da nauyi fiye da yadda kuka ɗauke ta. Na yi shekaru a bakin iyaka, Dan Barto da Tinkim duk na zauna, bari in ba ku abin da na sani.

Gaskiya ne gaz ɗin na nan gida ne. Amma tukunyar da ake zuba shi fa? Da kan murhun da ake murɗawa, da tiyo, da abin rage ƙarfin iskar da ake ɗaura wa babbar tukunya, da kayan gyaran wuraren ɗura? Mafi yawansu shigo da su ake yi. Duk abin da ya shigo kuma akwai takarda a kansa: nawa zai biya, daga ina ya fito, wa ya shaida ingancinsa. A nan ƙungiya take shigowa. Tun Janairun 2015 ƙasashen CEDEAO ke aiki da jadawalin kuɗin fito guda ɗaya a kan kayan waje, hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Akwai kuma tsarin da ya ce kayan da aka ƙera a cikin ƙungiya, in suna da takardar shaidar asali, su wuce ba fito. Sannan akwai rabin kashi ɗaya cikin ɗari da muke karɓa a kan kayan waje domin asusun ƙungiyar. Ranar da ka fita, kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an zauna an ce ga makomarsa. Ma'aikacin duwan ba ya aiki da jawabin rediyo, takardar da ke gabansa yake bi.

DanBirni74: Baba, Allah ya ƙara girma. To an zauna ɗin? Me aka yanke?

TsohonDuwan: An taɓa wasu. Ƙasashen uku, Nijar da Mali da Burkina Faso, sun sanar da fita ranar 28 ga Janairun 2024. Yarjejeniyar ƙungiyar ta ce sai an ba da sanarwar shekara guda, don haka fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu, kayanmu kuma a ci gaba da yi musu yadda aka saba, har sai an sake sanarwa. Ku lura da kalmar nan, "har sai an sake sanarwa". Alfarma ce ta wucin gadi, ba haƙƙi ba ne da za ka kai ƙara a kansa. A namu ɓangaren kuma, a Maris 2025 ƙasashen AES, wato tarayyar ƙasashen ukun nan na Sahel, suka kafa nasu harajin na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje, domin asusun tarayyar.

Mushe_Lawali: Na karɓi gyara, Baba. Amma a ƙara da cewa ba mu fita UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa. Sefa ɗinmu na nan, kuma tsakaninmu da Benin, Togo, Kodebuwa da Senegal dokokin waccan ƙungiya suna aiki.

TsohonDuwan: Haka ne Mushe, kuma nan ne gizo ke saƙa ga mutumin Damagaram. Najeriya ba ta cikin UEMOA. Mutumin Yamai yana iya cewa kayana ta Lome suke zuwa. Mu fa? Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba: nan da Kano bai kai kilomita 250 ba, Yamai kuwa wajen 900. Igiyar kasuwanci da ta ɗaure mu da Najeriya a takarda CEDEAO ce. Ita muka kwance. Don haka jihar da ta fi kowa bukatar a rubuta sabuwar yarjejeniya da Najeriya ita ce tamu, da Maraɗi da Diffa.

Bakatsine_a_Zinder: Baba ya faɗi gaskiya. Amma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, hedikwatarta ma a Yamai take. Ta girmi CEDEAO da shekara huɗu. Ba sai an ƙirƙiro sabon gida ba, a share wancan a zauna.

Habu_Beljiyam: Salam ƴan gida. Ina zaune a Turai shekaru, kuma a gabanmu Birtaniya ta fita Tarayyar Turai, bari in ba ku yadda suka yi da gaz, ko za a tsinci wani abu.

Sun jefa ƙuri'a a Yunin 2016, suka fita ranar 31 ga Janairun 2020, amma dokokin Tarayyar suka ci gaba da aiki a kansu har ƙarshen Disambar shekarar. Tun 2018 majalisarsu ta yi wata doka mai sauƙin fahimta: duk dokar Tarayya da ke aiki ranar fita, an kwafe ta ta zama dokar gida. Ba su yar da komai a rana ɗaya ba. Daga nan ma'aikata suka bi dokokin layi-layi. Inda aka rubuta "a kai rahoto ga hukumar Tarayya" a goge a sa sunan minista ko Ofgem, hukumarsu mai kula da wuta da gaz. Inda aka ce "ƙasashe mambobi" a gyara. Aiki ne mai cin rai, ba wanda zai yi maka tafi a kansa, amma shi ya sa ba a wayi gari kamfani ya rasa wanda zai ba shi izini ba.

Bututun kuwa ba su san an fita ba. Akwai wanda ya taso daga Bacton a Ingila ya zo Zeebrugge nan Beljiyam, akwai wani zuwa Holan, kuma Ailan, wadda ta rage cikin Tarayya, mafi yawan gaz ɗinta ta Moffat a Sikotlan yake zuwa mata. Gaz ya ci gaba da gudana. Abin da suka rasa shi ne kujera a hukumar da ke tsara dokokin kasuwar, da kuma ƙa'idar nan ta 2017 da ta wajabta wa ƙasashen Tarayya su agaza wa maƙwabciya da gaz in gidajen mutanenta suka shiga matsi. Wannan ta daina hawa kansu, ta kuma daina kare su.

SahelSaiGaba: Kullum sai an kawo mana Turawa. Su suna da bututu har cikin ɗakin girki, mu tukunya muke ɗauka a ka. Ina haɗin?

Habu_Beljiyam: Ƙanena, ban ce mu kwaikwaye su ba. Ga misali na kusa in kana so: Muritaniya ta bar CEDEAO a ƙarshen 2000, sai a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗar kasuwanci da ita ba tare da ta koma mamba ba. Shekara goma sha bakwai ke nan. Abin da nake cewa, kada mu ɗauki tsawon wannan lokaci kafin mu rubuta namu.

Injiniya_Mirya: Ni inda hankalina yake ba farashi ba ne, tukunyar ce kanta. Ku ɗauko ta gidanku yanzu ku duba wuyanta ko gindinta. Za ku ga an buga nauyinta ba komai ciki, da shekarar da aka ƙera ta. Tukunya tana da lokacin da ya kamata a sake gwada ta da matsin ruwa, in ta gaza a fitar da ita daga aiki. Ba a kuma cika ta fal, ana barin sarari a sama don ruwan gaz yana kumbura da zafi. Ku tuna zafin Afrilu a garin nan, ya wuce 40, ga tukwane jere a rana bakin shago.

Tsarinmu da na Najeriya kuma ba ɗaya ba ne. Nan tukunya ta kamfani ce, launinta da sunansa a jiki, ka kai wadda ta ƙare a ba ka cikakkiya, gyara da gwaji suna wuyan kamfanin. Can mutum ke sayen tasa, ya kai a ɗura masa kilo biyu ko uku gwargwadon aljihunsa. Tukwanen can suna shigowa nan, namu suna tafiya can. Wadda ta tafi ta fita daga hannun mai gwada ta, wadda ta shigo ba kamfanin da zai ce tawa ce. Amfanin ƙungiya a nan shi ne a daidaita ma'auni, shaidar da hukumar can ta bayar ta karɓu a nan. Yanzu wannan nauyi ya dawo kan namu hukumomin: ARSE da aka kafa a 2015 don kula da wuta da harkar rarraba mai, da ANMC mai kula da ma'auni da inganci. Doka ta fito fili ta ce wace shaida muke karɓa, wa ke gwaji, bayan shekara nawa, wa ke biya in ta fashe.

HajiyaMaiWaina: Injiniya ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Watan jiya aka musanya mini wata, gindinta duk tsatsa, fenti ya ɓare. Da na murɗa kan murhun sai na ji wani siririn sauti, sssss, ga wari. Jikata ƴar shekara huɗu tana zaune gefena tana jiran waina. Na kwaɓa ruwan sabulu na shafa a bakin, sai kumfa ta riƙa tashi. Na fitar da ita tsakar gida, na kashe garwashin shayin maigida, ranar da itace na ƙarasa suya. Da na mayar, yaron shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa. To wa zan kama?

Injiniya_Mirya: Hajiya kin yi daidai ƙwarai. Gaz ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba a barin mai yoyo a ɗaki, ba a kunna ashana, ba a taɓa makunnin wuta. Kuma tambayarki ta "wa zan kama" ita ce dokar da nake magana a kai.

UmmanSadiya: Mata mu riƙa faɗa wa juna wannan dabarar ta sabulu. Wallahi da yawa ashana suke kunnawa su gwada.

DirebanSiterni: Ina karanta ku daga hanya. Maganar ƙaranci, ku sa farashi a lissafi. Nan kilo yana kamawa sefa 300. A Najeriya ba gwamnati ke tsaida farashin gaz ba, kasuwa ce, kuma ya fi namu tsada sosai. Ruwa ai gangare yake bi. Muddin tazarar na nan, wani zai ɗaura tukwane a moto ya bi ta daji, da CEDEAO da babu ita. Man fetur ya nuna mana haka ta ɗaya gefen: shekara da shekaru garin nan da man kwalba na Najeriya yake tafiya. Da Tinubu ya cire tallafi a Mayun 2023, man bakin hanya ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai, bukata ta hau kan matata ɗaya. Kun ga layukan da aka yi a Maris 2025.

Bakatsine_a_Zinder: Mu ma can kuka ake. Har gwamnati ta ce a daina fitar da gaz ɗin girki waje daga Nuwamban 2024 don ya wadata a gida. Kowace ƙasa kanta take fara dubawa.

Mushe_Lawali: Kuma kada a manta, muna cikin ƙungiyar aka yanke mana wuta. Agustan 2023, bayan CEDEAO ta sa mana takunkumi, layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa ya mutu, muka kwana cikin duhu da sauro, injinan ruwa suka tsaya. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga Najeriya take. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Wannan ƙa'idar ta agaza wa maƙwabci da Habu ya ambata, mu akasinta muka gani. Shi ya sa ban ga laifin masu jin zafi ba.

TsohonDuwan: Ni ma ban ga laifinsu ba, Mushe, na kwana cikin duhun nan da tsohuwata marar lafiya. Amma darasin da na ɗauka shi ne, duk yarjejeniyar makamashi da za mu sa wa hannu nan gaba, da kowa ne, a rubuta ƙarara cewa rikicin siyasa ba ya taɓa ta, a kuma faɗi wanda zai raba gardama. A gida kuma doka ta wajabta ajiya: kwana kaza na gaz a tankuna, a jihohi, ba a Yamai kaɗai ba. Matata inji ce, dole wata rana a tsaida ta a yi mata gyara. In ba ajiya, sai shigowa da shi daga waje, ga iyakar Gaya da Benin a rufe, hanyar Lome ta Burkina kuma kowa ya san tsawonta da hatsarinta.

Ɗalibi_UAS: Iyayena ku ba ni dama. Ba wanda ya yi maganar babban bututun da zai ratsa Sahara, daga Najeriya ta Nijar zuwa Aljeriya, sama da kilomita 4,000. An sa hannu a Abuja a 2009, aka sabunta a Aljiyas a Yulin 2022, a Fabrairun 2025 ma ministocin ƙasashen uku sun sake haɗuwa, bayan mun riga mun fita. Aljeriya ba ta taɓa zama ƴar CEDEAO ba. Wannan ya nuna ana iya harkar gaz da yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa. Shi ma bututun bakin teku da ke kai gaz ɗin Najeriya Benin da Togo da Gana yana da tasa yarjejeniyar ta ƙasashe huɗu da hukumarsa daban.

Injiniya_Mirya: Madalla ɗalibi, amma a bambance. Na bututu iskar ƙasa ce da ake tura wa masana'antu da injinan wuta. Na tukunya butan ne, ruwa-ruwa, daga tace mai yake fita. Ko gobe aka binne bututun, ba shi zai cika tukunyar Hajiya ba. Amfaninsa gare mu sai in an rubuta tun farko cewa Nijar za ta ɗebi kaso a hanya, ba kuɗin wucewa kaɗai ba.

GwaggoTaKarkada: Ku kuna ta bututu, ni itace nake gani. Duk ranar da gaz ya ɓace, amalanken shanu ke cika gari da itace, kuma ɗanye ake sarowa. Mu da muka taso mun san yadda hanyar Mirya take da itatuwa. Na sha hayaƙi shekara talatin, idona ya shaida. Ƴaƴana mata sun saba da gaz, ba na so su koma inda na fito. Ko wace doka za a rubuta, a sa wannan a gaba.

UmmanSadiya: Gwaggo, Allah ya ba da lafiya. Gawayi ma yanzu ba ya taɓuwa.

SahelSaiGaba: To ni abin da na fahimta, aikin AES ne ta fitar da ma'auni guda na ƙasashe uku, tukunya iri ɗaya daga Diffa har Kayes. Mali da Burkina ba su da matata, mu muke da ita. Kasuwa ce a gabanmu.

DirebanSiterni: Kasuwa ce, amma a ƙoshi a gida tukuna. In aka buɗe fitarwa ba a ƙara abin da ake samarwa ba, layin Zango zai ƙara tsawo.

TsohonDuwan: Yaro, yanzu ka zo inda nake. Ma'auni na ƙasashe uku abu ne mai kyau. Sai dai a yi shi yadda zai yi daidai da na maƙwabta, don tukunyar da za ka sayo da kayan gyaranta ba daga Bamako za su zo maka ba.

DanBirni74: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Yau da safe na koma wurin mai shagon, ba da faɗa ba, na ce masa gaz ɗin nan daga hanyar Tanut yake, ina ruwansa da CEDEAO? Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma a sama da farashi aka sauke masa, ga kuɗin mai amalanke, kuma tukwane goma ya aika aka dawo masa da shida. Na duba wuyan wadda ya ba ni jiya kamar yadda Injiniya ya ce, lambobin sun shafe, ba a karanta komai.

HajiyaMaiWaina: Malam, mayar masa da ita, kada ka kai ta kusa da yara.

Mushe_Lawali: A mayar, kuma a kai maganar farashin ga ma'aikatar kasuwanci ta jiha, su ke da hurumin bin shaguna. In mutum ɗaya ya je ba lalle a saurare shi ba. Mu haɗu mu biyar ko shida ranar Litinin da safe, kowa ya rubuto unguwarsa da nawa ya saya.

Injiniya_Mirya: Ina ciki. Ku ɗauko hoton wuyan tukwanenku ma, mu tafi da su. Baba TsohonDuwan, ko za ka samu zuwa? Kai ka san yadda ake tsara irin wannan takarda.

TsohonDuwan: In Allah ya kai mu zan zo, amma sai wani ya biyo ya ɗauke ni, ƙafar ba ta son tafiya mai nisa. Malam DanBirni, gidana ba nisa da fada.